Kasoa da Damina: Abin da Sabon Fenti ke Ɓoyewa

Duk wanda ya taso daga Akara ya kama hanyar Cape Coast, da ya wuce Weija zai ga sababbin gine-gine jere har cikin Kasoa. Sunan garin ma namu ne, daga "kasuwa" ya samo asali. Yanzu mutanenmu da hayar Nima da Madina ta fi ƙarfinsu, can suke komawa da iyali.

Na yi kwana huɗu a can cikin watan Yuni, tsakiyar damina, wajen wani abokin cinikina mai sayar da albasa. Ciki da falo ya kama a sabon gini, shi ne ma ya fara shiga. Da hunturu ya duba ɗakin, bango fes. Ni kuwa da na je, daga ƙasa har gwiwa bangon ya yi baƙi, fenti na ɓarewa, wani farin gishiri na tsattsafowa. Atamfofin maiɗakinsa sun yi fumfuna a cikin akwati, ƙaramin yaronsu kuma tari ya ƙi barinsa. Ga bututun banɗaki na yoyo a cikin bango. Irin wannan danshi yawanci daga ƙasa yake hawowa, idan magini bai shimfiɗa leda a kan harsashi ba. Ƙarin fenti ba ya maganinsa.

Mai gidan ya karɓi kuɗin shekara biyu, kullum sai "za a gyara". To, a nan ne mutanenmu kan yi shiru, wai mu baƙi ne. Alhali dokar haya ta Gana, Act 220 ta 1963, ba ta ware baƙo ba. Ta hana mai gida karɓar kuɗin gaba da ya wuce na wata 6, ko da yake kowa ya san yadda ake take wannan. Kuma ba shi da ikon watso maka kaya waje sai da umarnin kotu. Akwai ofishin Rent Control da ke karɓar ƙorafi, ya kira mai gida da ɗan haya a zauna.

Na ce masa, "Alhaji, fatar baki ba ta isa ba." Ya ɗauki hotunan bangon, ya aika wa mai gidan ƙorafi a rubuce ta WhatsApp, ya adana rasit. Idan zai kira mai gyaran famfo da kuɗinsa, a fara rubutawa cewa za a cire daga haya, a sa hannu gaban shaida. Sarkin zango ko liman kan sasanta irin wannan kafin a kai ofis, kuma ni na fi son a fara ta nan.

Mai neman ɗaki a Kasoa, kafin ka ba dillali ko sisi, buɗe kowane famfo, ja ruwan masai, shafa ƙasan bango da hannunka, sannan ka tambayi matan maƙwabta inda ruwa ya kai a daminar bara.