Murjanin Jidda da Tarwaɗar Kwarbai

A cikin adakar kakata, Allah ya jiƙanta, akwai jan murjani sili biyu da ba ta fito da shi sai za a kai amarya. Muna yara a Kwarbai mun ɗauka dutse ne. Sai da na girma na san ƙashin wata halittar teku ce, kuma irin wannan jan daga Bahar Rum fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi. Ban taɓa zaton labarin murjani zai sake gitta mini ba, balle a ce ta dalilinsa zan tsira da sauran kuɗin sallamata.

Da na yi ritaya daga koyarwa, sai na zuba kaso mafi tsoka na kuɗin a kiwon tarwaɗa. Na jera tankunan roba uku a kangon gidanmu, na zuba 'ya'yan kifi 1,500. Wata uku komai lafiya lau. Da hunturu ya kankama a watan Disamba sai na fara ganin farin tabo a gadon bayan wasu. Bindinsu ya soma zaizayewa kamar tsumma, gashin bakinsu ya guntule, daga baya fatar ta ɗaye ta bar jan gyambo. Ranar farko na kwashe matattu 7, ranar ta huɗu 30.

Na yi abin da yawancinmu ke yi. Na garzaya wani shagon magungunan dabbobi, mai shagon bai ga kifin ba, bai tambayi komai ba, ya miƙo mini ƙullin garin oksitetrasaikilin ya ce in barbaɗa a ruwa. Na barbaɗa. Wani maƙwabci ya ce a daka shuwaka a zuba, na zuba. Ruwan ya yi kumfa ya ƙara wari, mutuwa kuwa ba ta ragu ba.

A daren da na fidda rai ne na kira ƙanena da ke Jidda. Ya shekara goma yana aiki a wani shago da ke kafa wa otal-otal da gidajen attajirai akwatunan gilashi na ruwan gishiri, masu kifaye da murjani mai rai. Na kira ne don in rage zafi, ba neman shawara ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaya, ka auna ruwan kuwa?" Na ce ai kifi ne ba shi da lafiya. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya, amma mu a nan in murjani ya fara zubar da nama, maigidanmu ba ya barin kowa ya taɓa kwalbar magani sai an kawo masa sakamakon awon ruwa."

Ya kwashe kusan awa yana yi mini bayani, ni da na koyar da shi karatu. Murjani taron ƙananan dabbobi ne da ke shimfiɗe kamar siririyar fata a kan ƙashin da suka gina na sinadarin alli. Fari iri biyu yake yi. Akwai wanda zafi ko haske ke sa ya kori ƙananan tsirran da ke zaune a jikinsa suna ba shi launi da abinci. Wannan ya koɗe ne, namansa na nan, yana iya farfaɗowa. Akwai kuma wanda naman kansa ke saluɓewa ya bar ƙashi tsirara, wani a kwana ɗaya ko biyu, wani a hankali cikin makonni. Wanda bai rarrabe su ba zai yi maganin abin da babu. Don haka sukan duba ta ina farin ya faro, ta gindi ko ta kan reshe, su haska fitila da dare ko akwai tsutsar da ke ci, su auna zafi da gishiri da sinadaran ruwan, su tambayi mai gida me ya canja a makon nan. In ɓarnar na gudu, sai su sa almakashi su yanke reshen da ke da lafiya, nesa kaɗan da bakin ciwon, su tsoma shi a ruwan aidin, su dasa a wani akwati dabam. Sauran a zubar.

Tambayar nan ta me ya canja ita ta hana ni barci, domin na san amsar. Rijiyarmu ta ja baya, kamar yadda rijiyoyin cikin ganuwa kan yi da rani, kuɗin 'yan garuwa kuma ya fara yi mini nauyi. Canjin ruwan da nake yi duk bayan kwana biyu sai na mayar da shi mako-mako. Sanyi ya sa kifin ya rage ci, ni kuwa ban rage awon abinci ba, don ina ɗokin su yi ƙiba kafin azumi. Ragowar abincin na kwance a ƙasan tanki yana ruɓewa tare da kashinsu. Ban kuma ware manya daga ƙanana ba, alhali tarwaɗa na cizon 'yar'uwarta.

Washegari na nemi wani tsohon ɗalibina, likitan dabbobi da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. Ya zo da 'yan kwalaben awo. Amoniya ta yi yawa ƙwarai a tankuna biyu. Ya ce ƙwayoyin cutar da ke haddasa irin wannan gyambo, kamar Aeromonas, kusan kullum suna cikin ruwa. Sai ruwa ya ɓaci, majinar da ke kare fatar kifi ta raunana, sannan su sami ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji Hausawa. Ya sa na dakatar da abinci kwana biyu, na riƙa canja rabin ruwa da rana tsaka lokacin da ya ɗan yi ɗumi, na rufe tankunan da tamfol da dare. Muka ware masu gyambo a baho da ruwan gishiri a ma'aunin da ya rubuta, muka binne matattu. Maganin da na yi ta barbaɗawa ya ce a cikin abinci ake ba da shi, ga waɗanda ke iya ci, na 'yan kwanaki ƙidayayyu.

Ba ina cewa magani ba shi da rana ba. Cutar zubar nama da ta ɓulla a murjanin gaɓar Florida ta Amurka a 2014, ta kama fiye da iri 20 ta bazu cikin tekun Karibiyan, da amoksisilin ake tare ta. Amma masu nutso ne ke bin murjanin ɗaya bayan ɗaya suna shafa maganin a bakin ciwon kawai. Ba wanda ya juye shi a teku.

Abin da ya fi damuna a yau ya wuce asarata. A Amurka doka ta ce kifin tarwaɗa da aka ba oksitetrasaikilin sai ya yi kwana 21 kafin a kai shi kasuwa. A nan kuwa, da mutuwa ta fara, dillalai kan ba mai kiwo shawarar ya sayar da gaggawa kafin ya tafka asara. Ni ma an ba ni, kuma na yi kwana guda ina juya maganar a raina, abin da har yanzu nake jin kunyarsa. Wannan kifin shi ke ƙarewa a tukunyar farfesu da kaskon suya, mu ci da 'ya'yanmu, ruwan tankin kuma a sake shi a kwata da sauran magani a ciki, ƙwayoyin cuta su yi ta sabawa da shi. Ran da yaro ya kwanta aka ba shi irin wannan magani bai ji ba, ba mai tuna tankin kifi.

Mutuwar ta tsaya a rana ta tara. Kifi 940 suka rage, wasu da tabon gyambo a baya har na sayar da su bayan sallah. Na rufe tanki ɗaya, domin ruwan biyu kawai rijiyar ke iya ɗauka. Ƙanena ya aiko mini da kwalaben awo ta hannun wani mai dawowa daga Umara, da hoton wani reshen murjani da ya yanka a makon da muka yi waya, ya riga ya rufe wurin yankan da sabon nama.