Kunkurun Tsakar Gida da Hantsin da Ya Daina Leƙowa

Duk wanda ya yi wayo a gidajen ƙasa na Kano ko Katsina ko Damagaram, kafin siminti ya cinye tsakar gida, da wuya ya ce bai taɓa shiga gida mai kunkuru ba. Ba kowane gida ba ne, amma ba a cika rasa ɗaya a unguwa ba: gidan sarauta, ko na wani malami, ko na attajiri, inda ƙaton kunkuru yake zaune tun zamanin kakanni, ya haƙa raminsa a gindin katanga ko ƙarƙashin rumbu, ya san lokacin da ake zuba wa tumaki harawa, ya san lungun da mata ke watsar da ɓawon kabewa da tsinken yakuwa, yara su haye bayansa ya yi ta tafiya da su har sai wata tsohuwa ta daka musu tsawa. Wasu sun ajiye shi don sha'awa, wasu don camfin cewa yana tsare gida, wasu kuwa gadonsa kawai suka yi tare da turmi da tukwane.

Ku da kuka ga wancan zamani, ku tuna abin da yake yi da safe. Da sanyi ya fara sakin jiki sai ya fito daga rami a hankali, ya nufi inda rana ta fara sauka a jikin bango, ya miƙe wuya, ya baje ƙafafu, ya kwanta shiru yana shan hantsi, ƙadangaru na bisa katanga suna nasu, har sai zafi ya fara cizo, sannan ya ɗan yi kiwo ya koma inuwar dalbejiya ko cikin raminsa mai sanyi da laima. Babu wanda ya tsara masa wannan. Gidan ne a buɗe yake ta sama, shi kuwa hantsi kirarinsa leƙa gidan kowa.

Yau akwai gidajen da ba ya leƙawa.

An rufe tsakar gida da kwano, an shimfiɗa tayil, an sa gilashi a taga, wasu kuma a bene suke haya, ko taki ɗaya na ƙasa ba su da shi. Amma son kunkuru bai bar zukatan yara ba. Sai ka ga an sayo ɗan ƙarami a kasuwa, wanda bai cika tafin hannu ba, an jefa shi a kwali ko akwatin gilashi a falo, ana ba shi shinkafa da burodi da ɗan latas. Wata shida, wata takwas, sai ya daina ɗaga cikinsa daga ƙasa in zai yi tafiya, ƙoƙon bayansa ya yi laushi har yatsa na lotsa shi, muƙamuƙinsa ya kasa yanke ganye. A ce aljanu ne, ko a ce dama ba mai rayuwa ba ne. Damo aka yi wa laƙabi da sarkin haƙuri, amma duk danginsu haka suke: ba kuka, ba nishi, sai dai a wayi gari a ga ya mutu.

Abin da ya kashe shi sananne ne. A cikin hasken rana akwai wani kaso da idon mutum ba ya gani, masana na kiransa UVB, mai tsawon zango tsakanin nanomita 290 da 315 shi ne wanda jiki ke buƙata. In ya sauka a fatar dabba sai ya juya wani sinadari da ke cikinta, ɗumin jiki ya ƙarasa mayar da shi bitamin D3, hanta da ƙoda su gyara shi, sannan ne hanji zai iya tsotse kalsiyam daga abinci ya aika wa ƙashi. In wannan ya yanke, jiki ba ya tsayawa jira, sai ya koma yana kwasar kalsiyam daga ƙashinsa don zuciya da tsoka su ci gaba da aiki. Kunkuru kuwa ƙoƙon bayansa ƙashi ne, haƙarƙarinsa da gadon bayansa ne suka haɗe suka zama rufi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda gilashi ke yaudarar mai kyakkyawar niyya: yana barin haske da ɗumi su wuce, ya tare kusan duk UVB ɗin. Mutum zai ajiye akwati a bakin taga, ya ga rana ta haske dabbarsa, ya tafi da kwanciyar hankali.

Kakanninmu ba su san wannan ba, kuma ba su buƙaci sani ba. Waɗanda suka gano shi mutanen ƙasashen hazo ne da hayaƙin masana'antu, inda rashin rana ya lanƙwasa ƙafafun 'ya'yansu. A 1889 wani likita, John Bland-Sutton, ya ga 'ya'yan zaki a gidan namun daji na Landan suna lalacewa da laushin ƙashi, aka ƙara musu man hantar kifi da niƙaƙƙen ƙashi suka miƙe. A 1919 Kurt Huldschinsky ya warkar da yara masu wannan cuta a Berlin da hasken wata fitila kawai, a 1922 kuma Elmer McCollum ya raɗa wa sinadarin da ke cikin man hantar kifi suna bitamin D. Duk da haka masu kiwon dabbobi masu jan ciki sun daɗe ba su ɗauki darasi ba. A shekarun 1990, lokacin da Amurkawa suka yi yayin wani koren ƙadangare mai suna iguwana, likitocin dabbobi sun sha ganinsu da kumburarren muƙamuƙi da karyayyun ƙafafu. Daga baya fitilun UVB suka zama kayan da ba a kiwo sai da su. A 2010 Gary Ferguson da abokan aikinsa suka bi ƙadangaru da macizai cikin daji da ma'auni, suka kasa su gida huɗu bisa yawan ranar da kowanne ke sha, daga mai laɓewa a inuwa zuwa mai kwanciya a tsakar rana, don kada a ba kowa fitila iri ɗaya.

Cikin dabbobin da ake kunna wa waɗannan fitilu har da namu. Babban kunkurun nan na Sahil, wanda ƙasarsa ta miƙe daga Sanagal ta ratsa Mali da Nijar da arewacin Nijeriya da Cadi har Sudan da Habasha, shi ne na uku a girma a duniya, namijinsa kan haura kilo 50, wani ma ya doshi 100, kuma yanzu yana cikin waɗanda aka fi kiwo a gidajen Amurka. Damo ma an yi ta lodinsa daga Gana da Togo da Binin. A Amurka mutum zai sayi fitila, ya auna tazararta da bayan dabba, ya kunna ta awa 10 zuwa 12 kullum, ya canja ta bayan wata 6 zuwa 12, domin ƙarfin UVB ɗinta yana ƙarewa alhali tana nan tana haske kamar sabuwa. Duk wannan wahala don a kwaikwayi abin da ke zuba kyauta a kan rufin kwanonmu.

Sai dai rana kaɗai ba ta isa, kuma mu ne ya kamata mu fi kowa sanin haka. A Jos, inda rana ba ta yi wa kowa rowa ba, binciken da Tom Thacher da abokansa suka wallafa a 1999 ya nuna yara masu laushin ƙashi sun fi warkewa da kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai, domin abincinsu ne ya gaza. Haka kunkuru. Na da ciyawa yake ci da harawa da ganyaye, ya tsinci ɓawon ƙwai a juji, ya gwagwiyi tsohon ƙashin da kare ya yar, abin da yara ke dariya suna cewa ya haukace, alhali kalsiyam yake nema. Abin da ake so a cimarsa shi ne kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu, hatsi da burodi kuwa akasin haka suke. Bitamin A ma daga ganye mai duhun kore da kabewa da karas yake samunsa. In ya rasa, musamman kififiya ta ruwa, sai fatar ido ta kumbura ta rufe. A nan ne kuma ake yin ɓarna ta biyu: a ruga kemis a sayo bitamin a ɗura. Bitamin A in ya yi yawa yana saɓule fatar kunkuru, D3 na kwalba in ya yi yawa yana daskarar da kalsiyam a ƙoda da jijiyoyin jini. Wanda fata ta haɗa daga rana ba ya wuce kima, jiki na tsayar da shi da kansa.

Kada yara su ɗauka zamanin da duk alheri ne. An huda gefen ƙoƙon kunkuru da ƙusa an ɗaura igiya, ana zaton ba ya ji, alhali ƙashi ne mai jini da jijiya. An ciyar da wasu da ragowar tuwo har bayansu ya yi tudu-tudu. Kuma yawancinsu daga daji aka kwaso su, ɗaya nan ɗaya can, suka tsufa a gidaje babu abokin haihuwa. Tun 2000 yarjejeniyar ƙasashen duniya ta CITES ta hana fitar da waɗanda aka kamo a daji don kasuwanci, a shekarar ce kuma Amurka ta rufe ƙofar shigo da su saboda kaskar da ke ɗauke da cutar shanu da tumaki. A 2021 aka sa babban kunkurun Sahil cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Makiyaya da manoman da iyayensu ke yawan cin karo da raminsa, yau sai su shekara ba su ga ko ɗaya ba.

Wanda ya riga ya ajiye ɗaya, to ya nema masa ƙasa da sararin sama. Ya fitar da shi hantsi, ba ta bayan gilashi ba, a wurin da akwai inuwa da ruwa mara zurfi da zai koma da ƙafarsa, domin ɗan ƙaramin da aka bari a roba ko kwano a tsakar rana zafi na iya kashe shi kafin azahar. Ƙananan ma a daji cikin laimar rami suke yini, bushewa na cikin abin da ke tayar musu da tudun baya. Fitila ta wanda ba shi da wata hanya ce, ga tsada, ga wutar da ba ta tsayawa. In ƙoƙo ya riga ya yi laushi, a kai shi wurin likitan dabbobi. Da rana da ciyawa da kalsiyam ƙashin kan sake yin tauri, amma inda ya lotse ko ya karkace ba ya komawa daidai, kuma dabba ce da kan haura shekara 70 tana ɗauke da shi.