Matar da Ba Ta Cikin Littafin Kowa

Littattafai huɗu muke da su a ƙungiyarmu, irin na 'yan makaranta masu jan bango. Ɗaya na marayu, ɗaya na 'yan gudun hijira, ɗaya na marasa lafiya, na huɗu kuma na Ma'aji. Da su muke tinƙaho. Duk baƙon da ya zo Nasarawar Burkullu ya tambayi yadda muke aiki, sai mu baje masa su a kan tabarma.

Ba da littafi muka fara ba. Da kwano muka fara, a ƙofar masallaci bayan an idar da sallar Juma'a. A Satumbar 2021 aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a Zamfara, talauci ya ƙara danne gidaje. Ba a gama farfaɗowa ba, a farkon Janairun 2022 aka afka wa ƙauyuka a Anka da Bukkuyum, mata da yara suka riƙa shigowa gari da ƙafa. A lokacin kowa yana yin komai. Mai karɓar kuɗi shi ne mai sayo gero, shi ne kuma mai rabawa. Wani gida ya samu sau uku, maƙwabcinsa ko mudu ɗaya. Babu wanda ya ci ko kwabo, amma da yake babu abin da aka rubuta, zargi ya shigo, har wasu suka daina gaisawa.

Shi ya sa muka raba aiki. Raba aiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa: sarkin fawa bai taɓa shiga hurumin sarkin aski ba. Kwamitin marayu muka ba Liman. Na 'yan gudun hijira muka ba matasa, don su ke da ƙafar zagaya firamare da kangaye. Na lafiya muka ba wani malamin asibiti mai ritaya. Muka kafa doka: mai rubuta suna ba ya riƙe makullin sito, mai makulli ba ya taɓa kuɗi, kuɗi kuma ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu. Kowane kwamiti muka sa masa mata biyu, domin namiji iyakarsa zaure, yunwa kuwa a tsakar gida take.

Tsarin ya yi aiki. Zargi ya kwanta, masu bayarwa suka ƙaru. Har muka soma ganin mun iya.

Da damina wata mata ta iso da 'ya'ya uku. An ɗauke mijinta a hanyar gona. Ba a kira an nemi kuɗin fansa ba, ba a kuma ga gawa ba. Ta sauka gidan ƙanin mijin, wanda shi ma da ƙyar yake ɗora tukunya sau ɗaya a yini.

Ta fara zuwa wurin kwamitin marayu. Liman ya ce maraya shi ne wanda mahaifinsa ya rasu, ita kuwa ko takaba ba ta shiga ba. Kuɗin da aka bayar da sunan marayu amana ne, ba a karkatar da shi. Gaskiya ya faɗa. Aka tura ta wurin matasa. Suka ce rajistarsu ta masu kwana a aji da kango ce, ita tana da rufi a kanta. Su ma ba su yi ƙarya ba. Kwamitin lafiya ya ce yana biyan kuɗin magani ne idan an kawo takardar likita, yaran kuma ba ciwo suke ba, yunwa ce. A gefen kowane littafi an rubuta "an tura wa kwamiti kaza". Kowannenmu ya koma gida ya yi barci da zuciya ɗaya, yana ganin ya sauke nauyi.

Bayan wata biyu da 'yan kwanaki, muna tsakiyar taro sai ga Inna, tsohuwar ungozoman da ke kwamitin lafiya, goye da autan matar. Ta kwance shi ta shimfiɗe a kan tabarma, dab da littattafan. Gashinsa ya yi ja, ƙafafu sun kumbura, ko ƙarfin kuka ba shi da shi.

"Allah gafarta Malam," in ji ta, "ga ɗa nan. Ku hwaɗa mini littafin da za a sa shi."

Liman ya sunkuyar da kai. "Inna, mun bi ƙa'ida ne."

"Na sani, Malam. Ƙa'idar ce na goyo muku."

Babu wanda ya ƙara magana. A daren aka nemi mota. Da aka ɗaura masa ma'aunin dantse a asibiti, ja ya nuna: tamowa mai tsanani. Ya yi makonni a kwance, Allah ya yi da sauran kwanansa. Abin da muka kashe a mota da jinya ya ninka kuɗin geron da zai hana shi kaiwa haka.

Abin kunyar shi ne mun taɓa ganin irin wannan da idonmu. A 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, an raba aikin ne. Likitocin MSF suna ba yara magani, wasu ƙwararru suna kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, gwamnati kuma za ta fitar da kuɗi. Amma magani ba ya amfani idan yaro zai koma wasa a ƙasar da ta sa masa gubar. A Bagega sai da aka jira har 2013 kafin a saki kuɗin kwashe ƙasar, likitoci na nan a shirye, yara na jira. Mun yi ta tsaki a wancan lokacin. Ashe idan aka raba aiki, akwai rami tsakanin rabo da rabo, kuma mai rauni ne ke faɗawa ciki.

A taro na gaba matasa suka ce a rushe kwamitocin, a koma yadda ake da. Ma'aji ya tuna musu zamanin kwano da gaisuwar da ta yanke. Aka yi ta ja har aka kira magariba. Ba mu rushe komai ba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abu uku muka ƙara.

Na farko, mun hana rubuta "an tura". Wanda ya fara jin kukan gida, gidan yana wuyansa har sai ya kai mai gidan da ƙafarsa wurin wani kwamiti, wancan kuma ya ce ya karɓa a gaban shaida.

Na biyu, mun canza yadda muke karɓa. Idan mutum ya miƙo kuɗi ko damin hatsi, sai mu tambaye shi: "Alhaji, na marayu ne kaɗai, ko duk mabuƙaci?" Yawanci sukan ce duk wanda ke da buƙata. Ta haka amanar Liman ta tsira, hannunmu kuma ya saki.

Na uku, mun sayo littafi na biyar. Ba shi da kwamiti, ba shi da suna a bango. A ciki ake sa duk wanda bai dace da sauran huɗun ba, kuma shi ake fara karantawa a kowane taro, kafin lissafin Ma'aji. Ba a tashi sai kowane suna ya samu mutum ɗaya daga cikinmu da za a tambaya a mako mai zuwa. Inna ke riƙe da shi. Ba ta iya boko ba, jikarta ke rubuta mata, amma ita ce ke shiga gidajen da mu ba ma shiga.

Mun zaci sunaye biyu ko uku za su shiga. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 farashin abinci ya tashi, littafin nan ya fi kowanne saurin cika. Akwai tsohon da 'ya'yansa suka tafi haƙar zinariya ba su waiwayo ba. Akwai magidancin da ya sayar da gona ya fanso ƙaninsa, yanzu kunya ta hana shi roƙo. Duk suna nan a gari tun da can, ba mu da layin da za mu rubuta su ne kawai.

Har yau mijin matar bai dawo ba, ba a kuma ji rasuwarsa ba. Tana soya awara a ƙofar gida da jarin da aka ba ta. Autan yana tafiya, har yana bin yayyensa makarantar allo. Sunanta ne a layin farko na littafi na biyar. Sakatare ya taɓa cewa a soke shi tunda ta samu sana'a. Inna ta ce a bar shi, don duk ranar taro mu fara da shi.