Bugun Ƙirji Iri Biyu

A wurin Bahaushe, wanda ya bugi ƙirji jarumta ya ɗauka, ya ce shi zai iya. A cocin Katolika kuwa, ma'anar ta juya. A farkon sujada, sa'ad da jama'a ke furta zunubansu, tsofaffi kan dunƙule hannun dama su bugi ƙirji sau uku, a hankali, kai a sunkuye.

Tushen al'adar na cikin Linjilar Luka, sura ta 18. Bafarisiye ya tsaya a Haikali yana lissafa nagartarsa. Mai karɓar haraji kuma ya raɓe can nesa, ya kasa ɗaga ido sama, yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai. Nasa aka karɓa.

Bayan Taron Vatikan na Biyu, fassarar Turanci ta 1973 ta taƙaita amsa laifin nan daga sau uku zuwa ɗaya, sai a 2011 aka maido da ukun. Tsofaffi da dama ba su taɓa rage bugun ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani. Mai bugun ƙirji a coci ya sauko ne daga tudun, ya nuna nasa a gaban kowa.