Lokacin Da Kulki Ya Ishi Gari

Mu da muka yi ƙuruciya a Yerwa cikin shekarun 1970, kulki muka fara sani a hannun hukuma kafin bindiga. Guntun katako ne mai nauyi, tsawonsa kamar kamu ɗaya, da igiyar fata a gindi wadda ɗan sanda ke zura hannunsa a ciki. Da shi ake raba faɗa a Kasuwar Monday, da shi ake mayar da 'yan kallo baya ranar hawan salla a Dandal, ƙofar fadar Shehu. Sau da yawa ma ba a ɗaga shi. Da zarar an hango shi yana lilo a ƙugu, mai zagi ya haɗiye sauran maganarsa.

Iyayenmu kan ce mu ba mu ga komai ba, tunda ba mu riski 'yan dokar En'e ba, waɗanda gwamnatin Gowon ta haɗe da 'yan sandan tarayya. Ba kuma yabo kaɗai suke yi ba. Magoya bayan Ibrahim Imam da jam'iyyar matasan Borno sun ɗanɗana sandar hukuma a shekarun 1950. Sai dai wanda aka doka da kulki yakan tashi ya kai ƙara, ko ya je gida a gasa masa jiki.

Rikicin 'yan Maitatsine a Bulumkutu, watan Oktoban 1982, shi ya fara nuna mana cewa akwai fitinar da ta fi ƙarfin kulki. Daga Yulin 2009 kuwa, da sabuwar fitina ta ɓarke, bindiga ta zama abin gani a kowace mahaɗa. Abin mamaki, da wuya ta kai wuya, sanda ce ta dawo. A tsakiyar 2013, bayan an sa dokar ta-ɓaci, samarin Hausari da Gwange da sauran unguwanni suka fito da gora da adda suna tare hanya, aka sa musu suna 'yan kato da gora. Gora ba ta tare harsashi. Ƙarfinsu shi ne sun san ɗan wane ne wannan, sun san baƙon da ya kwana a lungu. An zarge su da wuce gona da iri, kuma zargin yana da tushe, amma mutanen gari ba su manta wanda ya tsaya musu ba.

Kwanakin baya ɗan ƙanena da ke aikin gadi ya zo da wata sandar ƙarfe mai zugewa, ya ce, "Baba, wannan ko ta katako, wacce ta fi?" Bututu uku ne, wani cikin wani. A naɗe ba ta wuce taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba, da an fizge ta sai ta miƙe ta cije, in za a rufe sai an buga kanta a kan siminti. Irinta ce 'yan sandan Ingila suka koma wa a shekarun 1990. Amma a can ɗin ma an haramta wa farar hula yawo da ita.

Na juya ta a hannu, na ce masa, "Ɗana, wannan yashin namu da ƙurar hunturu in suka shige ta, ranar da kake nema ta buɗe ranar za ta ƙi. Bakinta siriri ne, ƙashi take karyawa, sai ka je raba rigima ka kwana a ofishin 'yan sanda. Kuma a aljihu take, ba wanda ya san kana da ita sai rikici ya riga ya ɓarke."

Ta katako na ce ya riƙe, wadda ɓarawo zai hango tun daga bakin layi ya sake shawara. Na ƙara masa da cewa kafin ya kashe kuɗi a kan kowace sanda, ya je ya gaida mai unguwa, ya san mai shayin kusa da shi da sunan kowane mai gida a layin, domin su ne za su fito in ya yi ihu cikin dare.