Daga Dijon Zuwa Santenay: Tafiyar Ƙasa A Lokacin Kakar Inabi

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi. A ƙasar Faransa, idan watan Satumba ya kama, akwai mutanen da ke ɗaukar hutunsu na aiki, su rataya jaka a baya, su kama hanya da ƙafa cikin lambunan inabi na yankin Bourgogne. Daga birnin Dijon zuwa garin Santenay, hanyar mota kamar kilometir 60 ce, amma masu bin turbar gonaki kan yi kwana huɗu ko biyar, suna sauka ƙauye-ƙauye.

Da matafiyi ya fita Dijon ya yi kudu, tudu na hannunsa na dama, fili na hagu. Inabin yana kwance a jikin tudun ne, yana fuskantar gabas, don ya sha hantsi. Ƙasar kuwa farar duwatsu ce da laka. A wannan lokaci tun da asuba ƴan ƙodago ke cika lambuna: ɗalibai, da baƙi daga ƙasashe daban-daban. Masu yanka na duƙe da almakashi da bokiti, masu dako na bin layi da babban kwando a baya. Da hannu ake tsinke mafi tsadar inabin, domin kada ƴaƴan su fashe kafin su kai wurin matsa. Ba sai mutum na shan giya ba zai ƙaru da wannan tafiya. Abin kallo a nan shi ne ƙasa da aikin da ake yi mata.

Bayan Gevrey-Chambertin da Chambolle-Musigny sai Vougeot. Nan akwai wani lambu mai hekta 50 da ɗoriya, kewaye da katangar dutse. Ƴan zuhudun Kirista na Cîteaux, waɗanda aka kafa gidansu a 1098, su suka fara noma shi tun ƙarni na 12. Bayan juyin juya halin 1789 aka ƙwace shi aka sayar. Ciniki da rabon gado suka yi ta yanka shi, har yau masu shi sun kai wajen 80, wani ma layi kaɗan gare shi. Duk wanda ya ga yadda gonar gado ke ƙanƙancewa a karkarar Maraɗi zai gane wannan labari.

Gaba kaɗan, a Vosne-Romanée, matafiyi zai tarar da wata gona da ba ta kai hekta biyu ba, da gicciyen dutse a bakinta. Sunanta Romanée-Conti, kuma giyarta na cikin mafi tsada a duniya. Irin inabin da ke cikinta, pinot noir, shi ne dai a gonakin maƙwabta, amma kuɗin ba ɗaya ba. Dalili kuwa, tun 1936 doka ta ɗaure kowane suna da iyakar ƙasarsa, ba mai ikon liƙa shi a kan kayan wani wuri. Irin waɗannan gonaki masu suna guda 1.247 ne hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015. Fataken albasar Galmi sun san abin da suna ke yi wa kaya a kasuwa.

A tsakiyar tafiya akwai birnin Beaune, inda Nicolas Rolin da matarsa Guigone de Salins suka gina wa talakawa asibiti a 1443. Masu hali suka riƙa ba shi kyautar gonaki. Tsohon ginin, mai rufin kala-kala, ya zama gidan tarihi, amma har gobe ana gwanjon giyar gonakinsa ranar Lahadi ta uku ta watan Nuwamba, kuɗin na shiga aikin asibiti. Daga nan sai Pommard da Volnay, sannan Meursault, inda farin inabi, chardonnay, ke karɓar fili.

Sai dai manoman na cikin zullumi. A Beaune akwai rubutattun ranakun fara kaka tun daga 1354. Masana da suka bi su sun gano cewa daga 1988 kaka na riga lokacinta da kamar kwana 13. A 2003 da 2020 cikin Agusta aka fara yanka saboda zafi. Ɗumin da ke sa kurangar inabi tohuwa da wuri shi ke jefa ta a hannun sanyi: a Afrilun 2021 jaura ta ƙone sabon toho, manoma suka kwana suna kunna wuta tsakanin layuka, amma amfanin shekarar ya faɗi ƙwarai. Manomin dawa na iya sauya iri ko ya nemi wata gona. Mai inabin Bourgogne kuwa, arzikinsa na cikin sunan wannan ƴar ƙasa, ba ya iya ɗauke ta ya kai arewa.

Idan matafiyi ya isa Santenay, sau da yawa ya kan tarar an yanke layin ƙarshe. Mai gona na yi wa ƴan ƙodago walimar sallama, kowa ya karɓi ladansa ya kama hanyar gida. Mai son ganin kaka da idonsa kuwa, gara ya tambayi manoma ranar farawa kafin ya yanki tikiti, don tsohon lissafi ya daina ci.