Baƙuwar Malama A Hanyar Karaye

Uwargida, idan kin baro Aliero, garin albasa, kin ratsa Jega kin nufi Karaye ta ƙasar Maiyama, ɗan leƙa makarantun bakin hanya. Kina iya tarar da 'yar bautar ƙasa daga kudu, sanye da kaki, tana koyar da Turanci. Tun 1973, zamanin Janar Gowon, aka kafa shirin domin 'yan ƙasa su san juna bayan yaƙin basasa.

Ba ta jin Hausa, yaran ba sa jin Turanci, sai alli da nuni. Shekara ɗaya ce tata. Baƙo raɓa ne, 'yar'uwa. Aika mata da tuwo, ki riƙa tambayar ɗiyarki abin da ta koyo yau.